Kwarjini a fuskarsa, baƙin rai a tata: amsa ga wani malami daga Daura

Tambayar ta fito ne daga wani malami a Daura, sakataren kwamitin wata makarantar al'umma. Ga abin da ya rubuto, a taƙaice:

"Malam, mun zauna tantance wanda zai shugabanci makarantarmu. Mutum biyu suka rage, namiji da mace. Takardunsu kusan ɗaya, kuma dukansu ba masu yawan fara'a ba ne. Da suka fita sai dattawan kwamiti suka ce shi yana da kwarjini, yara za su ji shakkarsa. Ita kuwa aka ce fuskarta ba rahama, za ta kore mana iyayen yara. Da na yi magana aka ce mani labarin zuciya a tambayi fuska. Shin da gaske ana gane halin mutum daga fuskarsa? In ana ganewa, me ya sa fuska iri ɗaya ta zama abin yabo a wurinsa, ta zama aibi a wurinta?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka iya buɗe baki a gaban manya, don na san ba ƙaramin abu ba ne sakatare ya ce uffan bayan dattawa sun gama magana.

Bari in fara da karin maganar da aka rufe maka baki da ita, don ba ƙarya ta faɗa ba, ɗora mata kayan da ba nata ba aka yi. Bahaushe cewa ya yi labarin zuciya, bai ce hali ba. Labari abu ne na yanzu-yanzu. Wanda aka yi wa rasuwa da safe, da wanda zazzaɓi ya kwana yana sassaƙa, da wanda aka biya shi bashin da ya fid da rai, duk za ka gani a fuskarsu ko ba su faɗa ba. Hali kuwa shi ne abin da mutum zai yi gobe da jibi da baɗi, ko ana kallonsa ko ba a kallonsa: zai riƙe amana, zai yi adalci tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, zai zo aiki a kan lokaci? Bahaushen da ya ce a tambayi fuska shi ne dai ya ce lumbu-lumbu wutar ƙaiƙayi, ya ce kyan ɗan maciji, ya ce Musa a baki Fir'auna a zuci. Da ya yarda fuska na bayyana hali, da bai wahalar da kansa ya ƙirƙiro waɗannan ba.

Na daɗe ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a nan Katsina, kuma duk shekara sai wannan gardama ta taso a aji, domin kowa yana ji a ransa cewa shi kam yana da ido. Abin da bincike ya nuna shi ne kowa na da saurin yanke hukunci, wannan ba shakka. A 2006 Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton a Amurka sun riƙa haska wa mutane hotunan fuskokin da ba su sani ba na tsawon kashi ɗaya cikin goma na sakan, ƙiftawar ido ke nan, sannan a tambaye su: wannan amintacce ne? Ya san aiki? Mafaɗaci ne? Amsoshin da suka bayar sun yi kusa ƙwarai da na waɗanda aka bari suka kalli hoton iya son ransu. Da aka ƙara masu lokaci zuwa rabin sakan, zuwa sakan guda, hukuncin bai sauya sosai ba. Abin da ya ƙaru shi ne yadda suke jin sun tabbata. Ka riƙe wannan, don shi ne abin da ya faru a ɗakinku: kafin matar nan ta gama sallama an riga an yanke, sauran zaman duk na neman hujja ne.

Za ka ce to ai dattawan duk bakinsu ya zo ɗaya, ko wannan ba alama ba ce? Alama ce ta cewa idonsu iri ɗaya ne. A 2009 wasu masana biyu na Jami'ar Lausanne a Suwizalan, John Antonakis da Olaf Dalgas, sun sa yara 'yan shekara 5 zuwa 13 wani wasa na tafiya a jirgin ruwa, aka ce su zaɓi wanda zai ja ragamar jirgin daga cikin fuskoki biyu. Yaran ba su san cewa fuskokin na 'yan takarar majalisar Faransa ba ne a zaɓen 2002. Kusan sau bakwai cikin goma, wanda yaro ya nuna shi ne wanda ya ci zaɓen. Mutane kan ji wannan su ce ashe yara na da basira. Ni abin da na gani a ciki ya fi ban tsoro: manyan da suka jefa ƙuri'a da idon ɗan shekara biyar suka zaɓa. Binciken ya nuna wanda zai ci zaɓe, bai nuna wanda zai yi aiki ba.

Daga ina wannan ido yake fitowa? Leslie Zebrowitz, wadda ta shafe shekaru tana nazarin abin, ta yi bayanin da ya fi gamsar da ni. An halicce mu da iya karanta abubuwa biyu masu amfani a fuska, wato yanayin da mutum ke ciki yanzu, da kuma ƙuruciya, don mu tausaya wa jariri. Sai ƙwaƙwalwa ta wuce gona da iri. Wanda Allah ya halitta da gira mai saukowa kusa da ido da baki mai ɗan lanƙwasa ƙasa, ko yana cikin nishaɗi sai a ga kamar ya sha kunu, daga nan a ce mugu ne. Wanda aka halitta da kewayayyar fuska da manyan idanu da ƙaramin haɓa, ko da shi ne shugaban 'yan damfara, sai a ga kamar ba zai iya kashe ƙuda ba. Ƙashi da tsoka muke gani, muna fassara su da niyya. Kuma ko fuskar mutum ɗaya ba ta tsayawa wuri ɗaya. Todorov da Jenny Porter sun nuna a 2014 cewa hotuna daban-daban na mutum guda suna sa a yi mashi hukunci daban-daban, a wannan a ce amintacce, a wancan a ce mayaudari. In kana shakka, ciro katin zaɓenka ka dubi hoton da ke jiki, ka faɗa mani tsakaninka da Allah ko za ka ba wannan mutumin ajiyar akuya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce mai nama.

Akwai bambanci na halitta tsakanin fuskar namiji da ta mace, a galibi. Bayan balaga ƙashin da ke saman idon namiji yakan fi tudu, girarsa ta fi kauri ta kuma fi kusa da ido, muƙamuƙinsa ya fi faɗi, leɓensa ya fi siranta. Ta mace girarta ta fi ɗagawa, idonta ya fi fitowa, fuskar ta fi taushi da kewaya. To ka lura da abin da fushi ke yi wa kowace fuska: yana saukar da gira, yana matse leɓe. Tsoro kuwa yana ɗaga gira, murmushi na kewaya kumatu. Ashe ke nan fushi yana kama da maza, fara'a tana kama da mata, tun daga ƙashi. Ursula Hess da abokan aikinta sun gwada wannan a 2009 da fuskokin da aka haɗa a kwamfuta, waɗanda ba za ka ce namiji ko mace ba ne. In aka sa wa fuskar fushi sai mutane su fi cewa namiji ne, in aka sa mata murmushi ko tsoro su fi cewa mace ce. Da aka nuna masu mace mai fushi kuwa, sai da suka ɗan yi jinkiri kafin su gane mace ce. Kafin nan, a 2007, Vaughn Becker da abokansa sun ce wa mutane su rufe ido su kawo fuskar mai fushi a ransu, yawancinsu namiji suka gani.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Namiji in ya ɗaure fuska, ya zauna ne a inda ake tsammaninsa, ba wanda zai tambaye shi dalili. Mace in ta ɗaure fuska, ta bar inda aka ajiye ta, sai ido ya ji wani abu ya ɓace, ya fara neman laifi.

Masana sun gano cewa hukuncin da muke yi wa fuska yana tafiya ne a kan manyan tambayoyi biyu. Nikolaas Oosterhof da Todorov suka fitar da wannan a 2008: shin wannan mutumin yana nufina da alheri ko sharri, sannan yana da ƙarfin aikata abin da ya nufa? Mu ce kirki da iko. A wurin namiji waɗannan biyun kowanne da mudunsa. Ana iya cewa wane ba shi da fara'a amma jarumi ne, ko wane yana da zafi amma ya san aiki, a ba shi maki a nan ko ya faɗi a can. Clare Sutherland da abokan aikinta a Jami'ar York ta Ingila sun nuna a 2015 cewa ba haka ake yi wa mata ba. Fuskar mace in ta nuna iko, ko ta ɗan yi kama da ta maza, sai a rage mata a wajen kirki da amana, alhali namiji mai irin wannan fuskar ba ya biyan wannan tara. DongWon Oh da Todorov da wasu suka ƙara a 2020 cewa hukuncin da ake yi wa fuskokin mata ya fi dunƙulewa wuri ɗaya, ko dai ta yi ko ba ta yi ba, kuma gwargwadon yadda mai kallo ya yarda da maganganun nan na "mata haka suke, maza haka suke", gwargwadon yadda hukuncinsa ke ƙara dunƙulewa. Kai ɗan Daura ne, ka san abin da ake kiran mai awon da ke saye da tiya ɗaya ya sayar da wata.

Akwai wani bincike na Oh da abokansa na 2019 da nake son ɗalibaina su sani. Sun gina fuska a kwamfuta wadda za a iya ƙara mata "kamar ya san aiki" kaɗan-kaɗan bisa ga yadda mutane ke gani. Da suka cire tasirin kyau, sai ya zamana duk lokacin da aka ƙara mata alamun iya aiki, fuskar sai ta ƙara zama ta namiji. Da suka koma kan hotunan mata suna ƙara masu kamannin maza, sai makin iya aiki ya ɗan hau, ya kai wani wuri, ya juyo ƙasa. Wato mace mai taushin fuska a ce ba za ta iya ba, mai taurin fuska a ce ba ta da kirki, tazarar da ke tsakani kuwa ba ta fi zare ba.

Kuma ko an yarda cewa ran mutum a ɓace yake, fassarar ba ɗaya ba ce. Lisa Feldman Barrett da Eliza Bliss-Moreau sun nuna wa mutane a 2009 hotunan maza da mata cikin fushi ko baƙin ciki ko tsoro, kowane hoto da dalilinsa a rubuce, misali an ci mashi mutunci a wurin aiki. Duk da an ba da dalilin, mutane sun fi cewa namijin ranar ce ta zo mashi da matsala, macen kuwa halinta ne. Victoria Brescoll da Eric Uhlmann a 2008 sun nuna bidiyon masu neman aiki suna ba da labarin wata asara da aka yi a ofis. Namijin da ya ce abin ya fusata shi an ga ya cancanci matsayi da albashi mai tsoka, macen da ta faɗi kalmomin nan dai aka rage mata. Tun 1976 ma John da Sandra Condry na Jami'ar Cornell suka nuna wa mutane bidiyon jariri ɗan wata tara yana kuka saboda wani abin wasa da ya zabura ya firgita shi. Rabin masu kallo aka ce masu namiji ne, rabi aka ce mace ce. Waɗanda aka ce wa namiji ne sun fi ganin fushi, waɗanda aka ce wa mace ce sun fi ganin tsoro. Jariri ɗaya, kuka ɗaya.

Yawancin waɗannan bincike a kan Turawa aka yi su, gaskiya ne. Wani babban aiki da aka buga a 2021, da mutum sama da 11,000 daga ƙasashe 41 har da na Afirka, ya samu cewa tambayoyin nan biyu na kirki da iko suna fitowa a sassan duniya da dama, da 'yan bambance-bambance. Amma mu ba sai mun je Princeton ba, harshenmu ya ishe mu shaida. Namijin da ba ya dariya: mai kwarjini, tsayayye, ba ya ɗaukar raini, namijin duniya. Macen da ba ta dariya: mai baƙin rai, mai girman kai, mai jin kanta, fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Ka nemo mani kalmar yabo guda ɗaya da muke yi wa mace mai ɗaurarriyar fuska, in ba ta tsufa ta zama kaka ba. Sannan ga karin maganar da ta fi kowace tona mana asiri: namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Shi mun yarda sai an tauna. Ita daga nesa muke yanke mata.

Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne wannan. Yarinya a ƙasar Hausa ana tarbiyyantar da ita a kan kunya da kamun kai. Kada ki yi wa maza baƙi dariya, kada ki tsare babba da ido, ki tsare gida. In ta saki fuska a gaban mazan da ba muharramanta ba, a ce tana da rawar kai, ko a ce idonta ya buɗe. Matar nan ta shigo ɗaki cike da dattawa maza, sa'o'in mahaifinta, a zaman da za a auna mutuncinta. Me kake tsammanin tarbiyyarta za ta ce mata ta yi da fuskarta? Akwai yiwuwar abin da aka kira rashin rahama ladabi ne take yi masu. Da ta shigo tana washe baki, ina mai tabbatar maka da an samu wanda zai ce ba ta da nutsuwar riƙe makaranta. Bayan haka, duk macen da ta yi shekaru tana aiki cikin maza ta san amfanin ɗaure fuska, katanga ce da take hana wargi da raini. Na ga haka a wurin abokan aikina mata: a farfajiya kamar hadari, a cikin ofis da ɗalibai mata kuwa har kuka suke zuwa yi a wurinsu. Murmushi ma kansa ba ma'aunin zuciya ba ne sosai. Marianne LaFrance ta Jami'ar Yale da abokan aikinta sun tattara rahotannin bincike 162 a 2003, suka ga lallai mata sun fi maza murmushi, amma tazarar tana ƙaruwa in mutane sun san ana kallonsu, tana kuma raguwa in namiji da mace suna kan matsayi ɗaya ko aiki ɗaya. Kaso mai yawa na fara'ar mata aiki ne da aka ɗora masu.

Ina da gwaggo, Allah ya jiƙanta, a wajen Ƙofar Sauri. Muna yara in muka hango ta sai mu canza lungu. Ban taɓa ganin haƙoranta ba sai in tana cin goro. Ita ce uwar adashin unguwar shekara da shekaru, ba a taɓa jin kwabo ya yi ciwon kai ba, kuma marayu uku ta riƙe har ta aurar da su. Matan da ke kai mata kuɗinsu sun san ko wace ce. Mazan unguwa da ba su taɓa hulɗa da ita ba su ne ke cewa ba ta da imani. Yayanta, wanda suke kama kamar an tsaga kara, shi ake turawa gaba in za a je neman aure, wai saboda kwarjini.

Kada ka ɗauka maza sun tsira. Saurayi mai ƙaramar fuska wanda gemu ya ƙi fito mashi yakan sha wahala kafin a yarda zai iya riƙe aji, balle makaranta, kuma in yana da fara'a da sanyin murya sai a fara raɗa cewa mijin-ta-ce ne. Zebrowitz da Susan McDonald sun bi shari'o'i 506 a ƙananan kotunan jihar Massachusetts, aka buga a 1991. Wanda ake ƙara in yana da fuskar yara ya fi samun nasara in zargin na ganganci ne, ya fi faɗuwa in zargin na sakaci ne, wato ana ganin ba zai iya mugunta ba amma zai iya shirme. Mai taurin fuska kuma nasa ya fi muni. John Paul Wilson da Nicholas Rule sun nuna a 2015, da hotunan fursunoni maza na jihar Florida, cewa waɗanda mutane suka ga fuskarsu ba ta amana ba ce sun fi yawa cikin waɗanda aka yanke wa kisa. Da suka duba mutanen da daga baya aka wanke su daga laifin, sai suka sake ganin abu ɗaya. A halin rashin tsaron da muke ciki, kai ma ka san sau nawa ake nuna bawan Allah a tasha ko a kasuwa a ce "dubi idonsa", ba tare da ya yi komai ba.

Turawa ma sun daɗe a cikin wannan rami, har da rigar ilimi. A 1831 saura kaɗan kyaftin Robert FitzRoy ya hana Charles Darwin shiga jirgin Beagle, don a ganinsa mai irin wannan hanci ba zai yi juriya ba. Likitan Italiya Cesare Lombroso ya fito a 1876 da da'awar cewa ana haihuwar mai laifi da alamunsa a fuska, a 1893 kuma shi da Guglielmo Ferrero suka rubuta a kan mata masu laifi, inda suka ce ana gane su da kamannin maza. Ka ga tsohuwar magana ce. Charles Goring ya auna fursunonin Ingila kusan 3,000 ya kwatanta su da waɗanda ba fursunoni ba, ya buga a 1913 cewa babu wata siffa ta masu laifi. Duk da haka a 2016 wasu masu bincike biyu a Shanghai suka ce kwamfutarsu na gane mai laifi daga hoto da dacewar kusan kashi 90 cikin ɗari, sai masu suka suka nuna cewa a hotunan da suka buga na misali, marasa laifin suna ɗan murmushi, masu laifin kuwa sun haɗe rai. Na'urar murmushi ta koya.

Na san dattawan za su kawo maganar firasa, wato basirar gane halin mutum daga ganinsa, kuma suna da hakkin kawowa, don malamanmu sun yi magana a kanta. Ibnul Ƙayyim ya kasa ta uku: ta imani, wadda haske ne da Allah ke jefawa a zuciyar bawansa, ta horon kai da yunwa da rashin barci, wadda mumini da kafiri duk suna iya samu, da ta halitta, wadda likitoci da wasunsu suka ciro daga siffar jiki. Wadda ake yi a kwamiti da kallon gira ita ce ta ukun, kuma ba ta da alaƙa da taƙawar mai kallo. Ta farkon kuwa ban san mai tsoron Allah da zai bugi ƙirji ya ce yana da ita har ya hana wani abincinsa da ita ba. Alƙur'ani ya ce game da munafukai, a sura ta 63, in ka gan su jikunansu za su burge ka. Hadisin Muslim kuma sananne ne, cewa Allah ba ya duban surorinku da dukiyoyinku, yana duban zukatanku da ayyukanku.

Amma hujjar da na fi so ka riƙe ita ce wannan. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa mutum uku sun fi kowa firasa, kuma ɗaya daga cikinsu mace ce, 'yar dattijon nan na Madyana da ta ce wa mahaifinta game da Annabi Musa, a Suratul Ƙasas aya ta 26, ya ɗauke shi aiki, don mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi amintacce. Ka ga maganar ɗaukar aiki ce, irin taku. Masu tafsiri sun kawo cewa uban ya tambaye ta yadda ta sani. Ba ta ce fuskarsa ba. Ta ce ƙarfinsa ta gani a bakin rijiya da ya shayar masu da dabbobi, amanarsa kuma ta gani a hanya, da ya ce ta koma bayansa ta riƙa nuna mashi hanya. Haka nan an ruwaito cewa wani ya zo yana yabon wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi: maƙwabcinka ne? Kun yi tafiya tare? Kun yi hulɗar kuɗi? Duk ya ce a'a. Umar ya ce to ba ka san shi ba.

A da, in wanzami ya yi wa jariri tsaga, fuska na faɗin asali: wannan Bagobiri ne, wannan Bakatsine, wannan Badauri. Ko a lokacin ba wanda ya ce tsagar na faɗin wanda zai biya bashi. Kuma abin dariya ne a ce a Daura, garin da jerin sarakunansa ya fara da mata har zuwa Daurama, ake muhawarar ko mace marar fara'a za ta iya riƙe firamare. Masu tarihi sun riƙe mana labarin rijiyar Kusugu da macijin da ke cikinta, ba wanda ya damu ya riƙe mana ko Magajiya tana murmushi.

Ban ce ku ɗauki matar ba. Mai yiwuwa ne da gaske tana da zafi, tana korar mutane, mai yiwuwa kuma shi ne ya fi ta. Abin da nake cewa shi ne har yanzu ba ku san ko ɗaya daga cikinsu ba. Ni ma maganar "yara za su ji shakkarsa" ba ta kwanta mani ba, don ban san ranar da tsoratar da yara ya zama sharaɗin shugabancin makaranta ba, amma wannan zance ne na wata rana.

In har ba a rufe maganar ba, ka roƙi a sake zama. Kafin kowa ya shigo, kwamiti ya rubuta abin da yake nema, guda huɗu ko biyar: riƙon kuɗi, iya tafiyar da malamai, mu'amala da iyaye, sanin manhaja. A yi wa su biyun tambayoyi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a buɗe baki, don in babba ya riga ya furta, sauran sai dai su ce haka ne. Masu nazarin ɗaukar ma'aikata sun daɗe da tabbatar da cewa irin wannan tsararriyar ganawa ta fi hirar kara-zube hango wanda zai yi aiki. Frank Schmidt da John Hunter sun tattara binciken shekara 85 a kan haka a 1998. Tunda tsoron da ake ji shi ne za ta kori iyaye, to a gwada abin kai tsaye. Wani daga cikinku ya zama uban da ya zo a fusace an daki ɗansa, a ga yadda kowannensu zai tarbe shi. Sannan a aika mutum biyu makarantun da suka baro. Kada a tsaya a ofishin shugaba, a tambayi malaman da suka yi aiki a ƙarƙashinsu, da iyaye mata, da maigadi, da mai sayar da awara a bakin ƙofa. Daura ba ta da girman da halin malamin makaranta zai ɓuya.

Wajen dattawan kuma, kada ka ce masu suna nuna bambanci, za su ji ka zage su, kuma ba da gangan suke yi ba, idon da kowa ke da shi ne, har da ni da kai. Ka samu wanda ya fi sauƙin kai a cikinsu, ka same shi a gida bayan La'asar, ka ce: "Baba, wani abu ne ya tsaya mani a rai. Da a ce fuskar Malama ce a jikin Malam, tasa kuma a jikinta, wa za mu ce yana da kwarjini?" Ka yi shiru ka bar shi ya juya ta. In ya ce a sake zaman, ka tabbata takardun makin suna hannunka tun kafin a kira na farko.